Sunan da Kuramen Dili Suka San Ni da Shi

Na ga saƙonninku. Wata ta ce zuciyata dutse ce. Wani ya ce in ji tsoron Allah in bar yarinya ta yi aure. Na gode. Ba ku kuka raine ta ba.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa. Sunana Anacleto, shekarata saba'in da huɗu, ina noman kofi a tuddan Aileu. Ni ne lia-nain na gidanmu: duk maganar da za a yi a kan tabarma, ta aure ce, ta mutuwa ce, ko ta iyakar gona, daga bakina take fita. Aji biyu na yi a makaranta, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba.

Zulmira jikata ce, 'yar ɗana Gaspar da ya rasu tana shekara tara. Zazzaɓi ne ya toshe mata kunne tun tana goye. Uwarta ta sake aure can gabas, ni na riƙe ta. Da ta kai sha biyu wata sistar coci ta zo ta roƙe ni, ta kai ta makarantar kurame a Dili, babban birninmu. Yanzu shekararta ashirin da shida, tana ɗinki a wani shago a birnin, tana hawowa gida duk bayan mako biyu. Ni da ita muna da maganarmu ta hannu, kalma biyar: zo, tafi, ci, ruwa, kwanta. Na ɗauka sun ishe mu.

Mai nemanta Juvinal ne, ɗan Liquiça. Wataƙila kun taɓa ganinsa a kusurwar talabijin lokacin labarai, sanye da baƙar riga, yana ta kaɗa hannu. Uwarsa kurma ce, a hannunta ya koyi magana kafin ya koya a baki. Ba ya sha, ba ya caca, yana zuwa coci. Na bincika. Aibinsa ɗaya ne: tafinta ne. Nan gizo ke saƙar.

Harshen Mambai na sha a nono. A makaranta malami ya dake ni da Fotugis. Ina da mata da ɗa ɗaya aka shigo mana da harshen Indonesiya, aka ce shi ne na ofis. Da muka samu ƙasarmu, manya suka zauna a Dili suka ce harshen hukuma Tetun ne da Fotugis, takarda ta koma harshen da na bari a aji biyu. Hukuma ta yi ta canza harshe a idona kamar mai canza riga, ba a taɓa tambayata ba. Kowane karo kuwa, tsakanina da mai teburi akwai wani saurayi mai gogaggen wando da ke cewa, "Tsoho, faɗa mini, ni zan faɗa masa."

Wata shekara, a kan rigimar iyakar gonata ta gangare, na tsaya a wani ofis na yi bayani tun daga kakana har kaina, bishiya bishiya. Tafinta ya juya ya faɗi abin da bai fi tsawon atishawa ba. Mai teburi ya buga hatimi. Kofin da ke bakin rafi yanzu na wani ne. Har yau ban san abin da saurayin nan ya ce na ce ba.

To ku gaya mini, mutumin da aka yi wa haka, ya zai ji in an ce masa jikarsa na son tafinta, kuma tafintan ne kaɗai ke jin maganarta?

Saƙon Zulmira a waya ba ya wuce kalma uku. "Avo ci abinci," Avo wato kaka. "Na iso Dili." "Ruwa da yawa," da hoton titi. Sai wata Laraba ina shanya kofi waya ta yi ƙara. Na sa tabarau, na bi da yatsa. Layi goma sha ɗaya. "Avo mai daraja, ina gaishe ka da girmamawa. Akwai wani mutum da zuciyata ta natsu da shi, ina roƙon ka karɓi mutanensa idan sun zo." Haka dai har ƙasa. Na karanta sau biyu na kife wayar. Wannan ba muryar jikata ba ce. Wani ya riƙe mata alƙalami, kuma na ɗauka na san ko wane ne.

A gidanmu, kafin a taɓa maganar sadaki, ɓauna ko zane, sai an tambayi yarinya sau uku a gaban kakanni, ta amsa da kanta. Haka na tarar. Abin da nake nema ke nan, ba wani abu ba: in ji daga Zulmira, ba daga wanda ke son ta ba.

"Apa, don Allah kar ka ɓata mana wannan," in ji Felismina, 'yata, gwaggon yarinyar. "Mutum mai aiki, mai fitowa a talabijin! Ka tambaye ta, ta gyaɗa kai, shi ke nan."

"Ko ce mata na yi gida ya kama wuta, gyaɗa kai za ta yi. Tarbiyya ce."

"To shi Juvinal ɗin ya fassara mana. Ba aikinsa ba ne?"

"Muzuru ya fassara abin da kaza ta ce?"

Lahadi bayan coci sai ga Juvinal a kan babur, farar riga, takalmi ya yi ja da ƙasar hanya. Ya kama hannuna ya sumbata, ya ajiye taba da ganyen malus, wanda muke taunawa kamar goro har yawu ya yi ja, a gabana. Ban kai ga buɗe baki ba ya riga ni.

"Avo, ranar tambaya ba zan fassara ba. Ranar ni ba tafinta ba ne, mai roƙo ne."

"Wa ya ce kai za a sa?"

"Babu. Ina dai faɗa ne. Zan iya kawo wani abokin aikina."

"Abokinka."

Ya gane nufina. Yaron ba wawa ba ne, wannan kam na ba shi.

"Ni zan nemo," na ce.

Litinin na shiga ƙaramar bas na gangara Dili. Ofishin da kurame ke taruwa ɗaki biyu ne a bayan wani shagon taya. Ciki maƙil da mutane, amma ba ka jin komai sai fanka da dariya. Wata yarinya a bakin ƙofa ta ce masu fassara ba su da yawa, asibiti na jira, kotu na jira, sai in rubuta suna in jira ni ma.

"A cikinsu wa ba ya shiri da Juvinal?" na tambaya.

Ta dube ni, ta fashe da dariya, ta leƙa ciki ta ƙwala kira da Mana, wato yaya mace. "Mana Natercia! Ga baƙonki!"

Gajeruwa ce, za ta yi arba'in, gashi a yanke. Baƙar riga ba ado, ba zobe, ba awarwaro. Daga baya na gane don hannu ya fito fili ne.

"Me ya haɗa ki da shi?"

"Aiki, Avo. Malamai sun zo mana daga ƙasashe, kowa da irin hannunsa. In wata kalmar ofis ta rasa alama, sai Juvinal ya aro ta Fotugal, wai tunda takardar hukuma Fotugis ce. Ni na ce a tara kuramenmu su ƙirƙiro tasu, suna magana tun kafin jirgin kowa ya sauka. Shekara uku muna wannan faɗan. Ko kofi ba ma sha tare."

"Ke nake nema."

Na faɗa mata abin da ke akwai. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sai ta ɗaga yatsu uku.

"Duk abin da aka faɗa a wurin zan ba ta, ko zagi ne. In ka ji na ce 'ni', ita ce ke magana. Kuma ita za ka kalla, ba ni ba."

"Ban saba a gindaya mini sharaɗi ba."

"Akwai na huɗu. Ba na jin Mambai."

Maganar tabarma da Mambai ake yin ta. Tetun a wurina na kasuwa ne, na sayar da kofi. Na tauna malus ɗina har ya mutu a baki.

"Zan faɗa da Mambai don kakanni, in maimaita da Tetun don ke."

"Don ita, Avo."

Asabar, ranar tambaya, ta zo da rana mai kyau. Na ɗaura zanen tais na ubana, baƙi mai jan layi, na rataya faifan azurfa a ƙirji, na ɗaure kaina da jan ƙyalle. Felismina ta dafa masara da wake da kabewa, an yanka akuya, ga soyayyen rogo, ga kofin gonarmu. Zulmira ta fito cikin jan tais da farar riga mai dogon hannu da ta ɗinka da kanta, gashinta a tufke da tsinken azurfar kakarta. Ta naɗe hannun rigar har gwiwar hannu kamar mai shirin wanki. Gwaggonta ta sauke mata. Ta sake naɗewa.

Juvinal ya iso da kawunnansa biyu. Natercia ta riga su, bas ɗin farko ta shigo. Suka gaisa da ka, kamar zakaru biyu a kan danga.

Ɗakin kakanni a kan ginshiƙai yake, rufin ciyawa ya sauko ya rufe shi, ƙofa ɗaya ƙarama, ba taga. Haka aka gina shi, haka muka sake gina shi bayan an ƙone. Muka hau tsani ɗaya bayan ɗaya. Maza a gaba, mata a baya. Ni da ƙanena Abilio a kan tabarma, baƙi a gabanmu da kwandon malus ɗinsu a tsakiya. In na ɗauka na tauna, an karɓe su. In na bar shi, su sauka da abinsu.

Zulmira tana bayan gwaggonta, kanta a sunkuye, idonta a ƙasa. Na ji daɗi a raina. Ni na koya mata. Yaro ba ya kallon idon babba in ana magana, balle mace. Tana ƙarama akwai ta da ƙura wa mutum ido har baƙo ya tsargu. Duk lokacin da na buɗe baki ta kafe ni da kallo, sai in ɗora tafin hannuna a kanta in sunkuyar. A hankali, ba duka ba. Ta koya. Mutane suna cewa jikar Anacleto kurma ce amma ta fi masu ji ladabi.

Na fara. Na kira kakanni da sunayensu, daga wanda ya sari dajin nan har Gaspar. Na maimaita da Tetun, abin ya yi mini nauyi a harshe. Da na waiga, hannun Natercia yana kan cinyarta.

"Ba ki fara ba?"

"In fara da wa, Avo? Ƙasa take kallo. Ko ta ɗago, a duhun nan ni kaina ba na ganin yatsuna."

"Maun, a haska da waya mana," in ji Abilio. Maun shi ne yaya namiji a wurinmu.

"Waya a ɗakin kakanni? Kanka ɗaya?"

Felismina ta matso kunnena. "Apa, a taɓa ta ta gyaɗa kai mu wuce wurin. Abinci na hucewa."

Na dubi yarinyar. Na yi magana mai tsawo, ko ɗigo bai isa gare ta ba, kuma ana jira a buga hatimi. Na san wannan ɗakin. Na taɓa tsayawa a cikinsa, amma a ɗaya gefen teburin.

"A naɗe tabarmar," na ce. "Waje za mu."

"Maun!" Abilio ya kama hannuna. "Tun da aka kafa gidan nan tabarmar tambaya ba ta taɓa sauka daga ɗakin nan ba."

"Kakanni suna ji daga ko'ina. Ita sai da rana."

"Me za a ce da mu a gari?"

"Duk mai magana ka turo mini shi. Ni ne mai maganar."

Aka shimfiɗa ta a gindin tsani, aka bar ƙofar kakanni a buɗe. Natercia ta shiga jera mu kamar buhuna. Zulmira ta ba rana baya, ni a gabanta sosai, ita kuma Natercia a gefen kafaɗata, don yarinyar ta ga hannunta da fuskata a kallo ɗaya. Mace a kafaɗar lia-nain. Abilio ya tofar da jan yawu gefe.

"Avo, ka ba ni izini," in ji Juvinal. Sai ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kai.

"Kai, mene ne haka?" in ji babban kawunsa. "Kamar kaza a kan ƙwai."

"Don kar a ce na yi mata alama, Tiu."

Hakan ya yi mini. Dama na gama shirina tun a bas. In matar nan ta ƙara ko ta rage, fuskar abokin faɗanta ba za ta ɓoye ba. Tafinta biyu da ba sa shiri sun fi shaida goma.

Saura abu ɗaya. Zulmira ba ta ɗago ba. Natercia ta kaɗa mata hannu, yarinyar ta saci kallo ta gefe, ta mayar da ido ƙasa.

"Avo, ba za ta ɗago a gabanka ba sai kai ka ce."

A kalmomina biyar babu wannan. Na miƙa hannun nan da ya saba dannawa, na sa shi ƙarƙashin haɓarta, na ɗaga.

Idon Gaspar ne. Duk shekarun nan ina zaune da idon ɗana a cikin gidana, ina sunkuyar da shi.

"Allah ya sa kar ta ba mu kunya," Felismina ta yi ƙunƙuni daga baya. "In wannan ya tafi, wa zai sake hawo tudun nan don kurma?"

Hannun Natercia ya motsa.

"Ke! Wa ya ce ki gaya mata?" in ji Felismina.

Wannan ma ta ba ta. Zulmira ta juya ga gwaggonta, hannuwanta suka tashi da sauri irin wanda ban taɓa gani ba, muryar Natercia na biye da su.

"Tia, mutum uku suka nema, biyu na kora. Ɗaya direba, ɗaya mai gidan burodi. Ki kwantar da hankalinki. Kuma gishirin masararki kullum yana yawa, na rasa yadda zan gaya miki ne."

Kawun Juvinal ya yi dariya har ya ƙware. Felismina ta ja zane ta rufe baki. Ni ban yi dariya ba, amma ban san jikata tana da baki haka ba.

"Saƙon nan mai layi goma sha ɗaya," na ce, "wa ya rubuta?"

Natercia nake kallo. Ta nuna mini yarinyar da haɓa. Na juya.

"Ni. Kwana huɗu na yi a kai, ƙawata ta gyara mini Tetun ɗin. Tetun ba harshena ba ne, Avo, kamar yadda ba naka ba ne. A makaranta an koya mana rubuta shi da Fotugis, harsuna biyu da ban taɓa jin ƙararsu ba. Na tsawaita ne don kai mai magana ne. Na ji kunyar in aiko maka da kalma uku a kan abu babba."

Na saci kallon Juvinal. Bakinsa a buɗe. Bai ma san da saƙon ba. To, wannan zargin ya faɗi. Na gyara zama na yi tambaya ta farko, da Mambai, sannan da Tetun.

"Zulmira 'yar Gaspar, mutanen Liquiça sun zo da malus. Kina so a karɓa?"

"Kafin in amsa, ina da tambaya."

"Ba a tambayar lia-nain a kan tabarma," in ji Abilio.

"Yau ana yi," na ce.

"Avo, ka san sunanka?"

Ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar kanta, ta danna ƙasa. Na ga alamar nan tun ɗazu. Duk sanda Natercia ta ce "Avo", ita yarinyar ke yi.

"Wannan ni ce, Natercia," in ji matar a kafaɗata. "Kurame ba sa kiran mutum da sunan baftisma. Suna duba abin da ya fi yi, su raɗa masa." Sai ta koma bin hannun Zulmira.

"Duk abokaina a Dili da shi suka san ka. Ina ƙarama bakinka nake kallo da girarka, in gane ko faɗa kake ko wasa. Sai ka danne mini kai. Na ɗauka ba ka so in san abin da kake cewa. Ranar da aka binne Apa, ka tsaya a kaina ka daɗe kana magana. Hannunka yana kaina, ina jin rawar muryarka ta cikinsa. Ni ƙafafunka kawai na gani. Shekara goma sha bakwai ina so in sani. Me ka ce?"

Na dubi Juvinal. Idonsa ya ciko. Ashe Natercia ba ta ƙara komai nata ba.

Ku masu cewa ni dutse ne, ga abin da kuke jira. Na yi kuskure. Ladabin mai ji na koya wa wadda ba ta ji, na toshe mata kunne na biyu da hannuna. Sau ɗaya zan rubuta wannan, kar ku sa rai da maimaici.

Lia-nain ba ya manta abin da ya faɗa a bakin kabari. Wannan karon da Tetun kaɗai na yi. Kakanni sun riga sun ji tasu.

"Na ce, Gaspar, ka tafi ka bar mini abu ɗaya. Dangin uwarta sun ce a ba su ita, na hana. Na ce yarinyar nan ta gidan nan ce. Muddin ina numfashi ba mai yanke mata magana, ba mai amsawa a madadinta. Ranar da za ta bar gidan nan, ita da kanta za ta ce ta tafi."

Idonta na zuwa hannun Natercia, yana dawowa fuskata. Hawaye ya sauko, ba ta share ba, ba ta kuma sunkuya ba.

"To da ka bar ni na gani, Avo."

"Da na bari."

Felismina ta fyace hanci da gefen zane. Na sake tambaya ta farko.

"Ina so."

Na yi ta biyu.

"Ina so. Akwai shi da surutu, hannunsa ba ya hutawa ko a kan babur. Kuma Mana Natercia ta fi shi gaskiya a kan kalmomin Fotugal ɗin nan. Amma ina so."

Natercia ta faɗi wannan fuska ba yabo ba fallasa, sai gefen bakinta da ya ɗan motsa. Juvinal ya kusa zaro hannu ɗaya, kawunsa ya danne masa kafaɗa.

"Zauna kan ƙwanka, ango."

Saura ta uku. Sau biyu na ji, amma ta bakin tafinta na ji. Matar ta yi aikinta da gaskiya, ban musa ba. Ni dai na san halina. In na bar ta uku ta bi ta hanyar nan, wata rana ina shanya kofi zuciyata za ta ce mini, ka tabbata?

"'Yata," na ce wa Natercia, "nuna mini yadda ake tambayar."

Ta nuna. A nuna yarinyar, a nuna saurayin, a jawo hannu zuwa ƙirji. Na gwada. Yatsuna sun kanannaɗe da shekara sittin na tsinkar kofi.

"Gira, Avo. Ka ɗaga gira. In ba ka ɗaga ba, umarni ka ba ta, ba tambaya ba."

"Girar Apa?" in ji Felismina. "Tun da aka haife ni ban ga ta hau sama ba."

"Ki je ki duba gishirinki," na ce. Na juya ga Natercia. "Ke kuma, wannan karon ki yi shiru."

Ta harɗe hannuwanta.

Na nuna Zulmira. Na nuna Juvinal. Na jawo hannu ƙirji har faifan azurfa ya yi ƙara. Na ɗaga gira iya ƙarfina. Na san na yi kama da akuyar da ta ga wuƙa. Ba wanda ya isa ya yi dariya.

Ba ta yi saurin hannun nan na Dili ba. Ta nuna ƙirjinta. Ta yi alamar "tafi", tamu ta gida, wajen Juvinal. Ta tsaya har ta tabbata na gani. Sannan ta sake nuna ƙirjinta, ta yi alamar "zo", ta dafa ƙasar gidan nan da tafin hannu. Ta gyaɗa kai, idonta cikin nawa.

Zan tafi, zan riƙa zuwa. Ba wanda ya tsaya a tsakaninmu.

Na miƙa hannu cikin kwandon mutanen Liquiça, na ɗauki malus na tauna. Kawunnan suka tashi suna gaisawa da Abilio. Juvinal ya zaro hannuwansa, sun mutu murus, aka ba shi kofi ya kasa riƙewa. Natercia ce ta tare masa kofin kafin ya zube.

"Riƙe da kyau, ɗan Fotugal," ta ce. Ranar suka sha kofi tare.

Bayan an ci abinci, kafin bas ɗinta ya zo, na kira ta gefe ita da Zulmira.

"Sunan nan," na ce. "A canza."

Zulmira ce ta amsa, ta bakin Natercia. "Ba a roƙon suna, Avo. Kurame ke bayarwa in sun ga abin da mutum ke yi. Sau ɗaya ka ɗaga haɓa. Sau dubu ka danne kai."

"Har yaushe ke nan?"

"Mu gani."

Jinin gidan nan ce, ba shakka.

Lahadi da safe ina yi wa Abilio faɗa a kan akuyarsa da ta shiga mini gona, sai na ga Zulmira ta ajiye tsintsiya ta kafe ni da ido. Hannuna ya tashi da kansa. Na kama shi a hanya, na cusa ƙarƙashin cinya na zauna a kai. Ta gani. Ta yi dariya mai ƙara, ita ba ta san tana da ƙara ba.

Jiya waya ta yi kuka sau uku a jere. Na sa tabarau.

"Na iso Dili."

"Uwar Juvinal zuwa Asabar. Ba tafinta."

"Avo ɗaga gira."

Matar ta ce tana so ta ga mutumin da ya raini surukarta, ido da ido, ba kowa a tsakani. Kalma biyar gare ni da tambaya ɗaya. Na taɓa shiga tabarma da abin da bai kai haka ba, na kuma fito da mutuncina. Na ciro madubin marigayiya matata daga akwati, na jingina shi a jikin buhun kofi. Girar hagu tana hawa. Ta dama ce har yanzu ke gardama.